Maigidana ya ce shan zaƙi gadonsu ne, ni kuwa ciwon sukari nake jiye masa

Assalamu alaikum Anti. Daga Garwa nake rubuto miki. Shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu biyu, namiji ɗan shekara 7 da mace 'yar shekara 5, kuma mahaifiyar maigidana, Hajja, tana zaune tare da mu. Hajja tana da ciwon sukari, kullum cikin shan magani take, kuma ciwon ne ya yi ajalin yayanta bayan an yanke masa ƙafa. Maigidana tela ne, a kan keke yake wuni. Ƙwayar sukari 5 yake jefawa a kofin shayi, yakan sha sau 4 a rana, ban da lemon kwalba da yake ƙarawa in rana ta take. Ni ƙwaya 2 ma ta yi mini yawa. In na kurɓi nasa sai zuciyata ta tashi, shi kuwa cewa yake daidai ya ji. Duk sanda na yi magana sai ya ce gado ne, haka jininsu yake. Watan jiya na mayar masa da ƙwaya 2 ban gaya masa ba, na kuma ɓoye kwalin sukarin. Kurɓa ɗaya ya gane, ya ajiye kofin ya fita, yanzu a majalisa yake shan shayinsa. Hajja ta ce rowa nake yi da kayan ɗanta, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ya fi tayar mini da hankali, yarona ya fara ɗibar sukari a ɓoye yana lasa, ƙanwarsa kuwa ko alewa aka ba ta sai ta bar rabi. Anti, da gaske ana gadon son zaƙi? In gado ne, ke nan sai in zuba ido?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tsoronki yana kan hanya. Matar da ta ga abin da ciwon nan ya yi wa kawun mijinta, tana kuma miƙa wa surukarta magani safe da dare, in ta ga ana jefa ƙwaya ta biyar a kofi dole gabanta ya faɗi. Na san kalmar rowa ta yi miki ciwo, tunda ba kuɗin sukari kike jin tsoro ba, lafiyar uban 'ya'yanki kike karewa. Amma bari in fara da abin da wataƙila ba ki so ji ba: maigidanki bai yi miki ƙarya ba. Da gado a cikin lamarin, kuma mai yiwuwa ne ƙwarai shayin da ke tayar miki da zuciya shi a bakinsa daidai yake.

A kan harshen kowa akwai dubban 'yan ƙwayoyin ɗanɗano, a jikinsu kuma akwai wani furotin da aikinsa shi ne ya kama sukari ya aika wa ƙwaƙwalwa saƙo cewa an sha zaƙi. A shekarar 2001 masana suka gano shi. Ɓari biyu ne aka haɗa, kowane ɓari da ƙwayar gadon da ke ƙera shi, ɗaya ana ce mata TAS1R2, ɗayar kuma TAS1R3, kuma daga uwa da uba mutum yake karɓo su kamar yadda yake karɓo launin fata. Hujjar ƙarfin wannan gado tana yawo a tsakar gidanki in kuna da kyanwa. A 2005 masu bincike a cibiyar Monell da ke Filadalfiya a Amurka, wadda ɗanɗano da sansana ne aikinta, suka nuna cewa TAS1R2 ta kyanwa a lalace take, shi ya sa za ki bar sukari a buɗe ta wuce ko kallo bai ishe ta ba, amma ki ajiye kifi ki gani. Bayan 'yan shekaru aka tarar da irin wannan lalacewa a jikin kura. A dazuzzukan kudancin ƙasarmu Kamaru da na Gabon ma akwai wani ɗan itace mai ɗauke da furotin da ya ninka sukari zaƙi sau ɗaruruwa a bakin ɗan Adam, amma an tarar goggon biri yana da ɗan sauyi a TAS1R3 da ake ganin yana hana shi jin wannan zaƙin.

Mu mutane ba mu bambanta da juna har haka ba, amma mun bambanta. Hanyar da ake auna gado ita ce a kwatanta tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne kaf, da tagwayen da ba su kama, waɗanda kusan rabi kawai suka haɗa. A 2015 aka buga sakamakon irin wannan bincike da aka yi da ɗaruruwan tagwaye a Ostireliya. An ba su ruwan zaƙi iri-iri suka ɗanɗana suka faɗi yadda suka ji ƙarfinsa, aka tarar kusan kashi 30 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen jin ƙarfin zaƙi daga gado yake. Kamar rediyo ne a ɗaki: wani da an ɗan buɗe murya ya ji sarai, wani sai an ƙure. Wannan jin zaƙi ke nan. Son zaƙi kuwa wani abu ne daban, kuma shi ma da nasa gadon. Binciken da aka yi da tagwaye mata a Ingila a 2007 ya nuna kusan rabin bambancin mutane wajen son zaƙi daga gado yake. Ba a harshe kaɗai abin ya tsaya ba ma. Hanta tana fitar da wani sinadari mai suna FGF21 bayan an sha sukari, wanda ke taimakawa wajen rage sha'awar ƙari, kuma a 2017 masana a Danmak suka duba mutum kusan 6,500 suka ga masu wani sauyi a ƙwayar gadon wannan sinadari sun fi sauran cin kayan zaƙi. Saboda haka 'ya'yanki biyu, da tukunya ɗaya ke ciyar da su amma ɗaya na lasar sukari ɗaya na barin alewa, ba abin mamaki ba ne. Ba ki yi wa ɗaya tarbiyya kin bar ɗaya ba.

To, sai dai maigida ya ɗauki rabin magana ya bar rabi. Kashi 30 ba duka ba ne, rabi ma ba duka ba ne. Shekaru suna taɓa ɗanɗano, taba tana taɓa shi, wasu magunguna suna taɓa shi, shi kansa ciwon sukari an sha samun masu shi da raguwar jin zaƙi. Abin da mutum ya saba sha ma yana taɓa shi, kuma a nan nake so ki tsaya ki fahimta da kyau, domin a nan mutane da yawa ke yin alkawarin da ba ya cika. A cibiyar nan ta Monell an sa wasu mutane suka rage sukarin da suke sha da kashi 40 cikin 100 har wata 3, aka buga sakamakon a 2016. Tun daga wata na biyu suka fara jin abinci mai ɗan sukari ya fi musu zaƙi a kan da. Harshe yana farfaɗowa ke nan. Amma da aka tambaye su wane irin zaƙi ya fi musu daɗi, zaɓinsu bai sauya ba, kuma da aka sake su suka ci abin da suka ga dama, ba su daɗe ba suka koma shan sukarinsu. A baya-bayan nan jami'ar Wageningen da ke Holan ta yi gwaji mai tsawo da mutum 180, wata 6 ana ba wasu abinci mai yawan zaƙi, wasu matsakaici, wasu kaɗan, a ƙarshe son zaƙinsu bai wani motsa ba.

Na kawo miki wannan ne don kada wani ya ce miki ki hana shi sukari kwana 21 ko 30 zai tashi ya tsani zaƙi. Mai yiwuwa maigidanki ya tsufa yana son zaƙi, kuma ba laifi ba ne. Abin da za a iya sauyawa shi ne nawa ke shiga cikinsa a rana. Mutum yana iya son abu ya kuma san iyakar da zai tsaya, in shi da kansa ya ga dalili.

Dalilin kuwa yana nan a cikin gidanku. Gadon da ya kamata ya hana shi barci shi ne na ciwon da ke jikin mahaifiyarsa, wanda ya ɗauke kawunsa. Wanda uwarsa ko ubansa ke da ciwon sukari irin na manya, haɗarin kamuwarsa ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku. Ki ɗora zaman keke daga safe zuwa magariba a kai, sannan ki yi lissafin kofunan. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali kimanin giram 5 ce. Ƙwaya 5 sau 4 ƙwaya 20 ke nan, giram 100. Lemon kwalba yawanci yana ɗauke da kimanin giram 10 a kowane mililita 100, wato babbar kwalba mai mililita 600 ta kai giram 60. Kin ga ya tashi giram 160 tun ba a ƙirga na kunu da na folere, wato zoɓo, ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2015 ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci, wanda ga babba kimanin giram 50 ne a rana, ƙwaya 10 ke nan, ta ƙara da cewa in an iya saukowa zuwa giram 25 ya fi. Maigida ya ninka iyakar sama fiye da sau 3. Wani babban nazari da aka tattara a 2010 daga mutum fiye da 300,000 ya nuna masu shan abin sha mai sukari sau ɗaya zuwa biyu a rana sun fi masu sha jefi-jefi haɗarin ciwon da kashi 26 cikin 100. Ban ce yana da ciwon ba. Na ce yana kan hanyar da ya kamata a duba shi.

Kuma ga abin da zai sanyaya miki zuciya. A Amurka an yi gwaji da mutum fiye da 3,000 waɗanda sukarin jininsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka buga a 2002. Waɗanda aka taimaka wa suka rage ɗan nauyi, kimanin kashi 7 cikin 100 na jikinsu, suna kuma tafiyar ƙafa ta minti 30 kwana 5 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Da yawa daga cikinsu suna da ciwon a danginsu. Saboda haka amsar tambayarki ta ƙarshe ita ce a'a, ba za ki zuba ido ba.

Yanzu mu dawo kan abin da ya faru da kofin nan. Ƙanwata, niyyarki mai kyau ce, hanyar ce ta ɓata ta. Daga ƙwaya 5 zuwa 2 a dare ɗaya babu harshen da ba zai gane ba, balle harshen mai son zaƙi. Abin da ya fi ɓata masa rai kuma, a ganina, shi ne ɓoye kwalin. Magidanci ya sayo sukari da guminsa, ya dawo ya tarar an ɓoye masa kamar yaro, a gaban mahaifiyarsa. Ko da ya san kina da gaskiya, girman kai ba zai bari ya amsa ba. Ga shi yanzu abin ya koma majalisa, inda ba ki ganin ko nawa ake zubawa, kuma kin san shayin majalisa ba a yi masa rowar sukari. Sai ki nemi lokacin da yake cikin nishaɗi, ku biyu kawai, Hajja ba ta kusa, yara sun yi barci. Ki fara da ba shi haƙuri a kan ɓoyewar, kai tsaye, ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Ki mayar da kwalin inda yake. Sannan ki ce masa kin bincika kin tarar maganarsa ta gado gaskiya ce. Namiji in aka ba shi gaskiyarsa kunnensa yakan buɗe. Daga nan ki gaya masa abin da ke ranki kamar yadda kika gaya mini: kina tuna kawunsa, kina kallon yaran nan, kina jin tsoro. Kada ki karanto masa lissafin giram a wannan dare.

Abu ɗaya za ki roƙa a zaman farko, wato ku je a auna sukarin jininsa, ke ma a auna naki don kada ya ji shi kaɗai aka sa a gaba. Gwajin da ma'aikatan lafiya ke kira gilisemi ne, ana yi da safe kafin a ci komai, bayan awa 8 ba a sa abinci a baki ba. Ɗan tsinke ne a yatsa, ana yi a asibiti da cibiyoyin lafiya da wasu kantunan magani. In sakamako ya nuna ƙasa da 1.10 na giram a lita, alhamdu lillahi, sai a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci saboda tarihin gidan. Daga 1.10 zuwa 1.25 gargaɗi ne, kuma a nan ne gyara ya fi amfani. In ya kai 1.26 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, to ciwon ne, sai likita. Ki lura kuma ko yana yawan fitsari da dare, ko ƙishirwa mai tsanani, ko rama ba dalili, ko gani dishi-dishi, ko rauni da ba ya warkewa. In akwai ɗaya daga ciki kada a jira. Maza da yawa da ba su jin maganar mata, lambar da ke kan takarda da bakin likita suna sa su nutsu.

In ya yarda a rage, ki bar shi ya zaɓi hanyar. Wani ya fi son a riƙa zare rabin ƙwaya duk mako biyu, daga 5 zuwa 4 da rabi, zuwa 4, a haka har a kai 2 ko 3 cikin 'yan watanni. Ragi kaɗan-kaɗan harshe ba ya yi masa tawaye, kuma kin ji cewa jin zaƙi yana ƙaruwa in an daure wata biyu. Wani kuwa zai ce shi shayi in ba zaƙi gara babu. Irin wannan a bar masa kofinsa na safe yadda yake so, ƙwaya 5 cif, a rage yawan kofunan ko girmansu. Kofi 2 maimakon 4 ya zubar da giram 50 ba a taɓa ɗanɗanonsa ba. Ga mutumin da kika kwatanta mini, ina ganin wannan ta biyun za ta fi ɗorewa. In kuwa abu ɗaya tak zai iya bari, to lemon kwalba ne, domin shi kaɗai ya kai ko ya wuce iyakar rana guda, kuma sanyi yana dusashe jin zaƙi, mutum ya shanye kwalba bai san abin da ya zuba wa cikinsa ba. Na san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, sanda ake haura digiri 40, ba a ce wa mai aiki ya haƙura da abu mai sanyi. Ki riƙa aika masa da ruwa mai sanyi da aka matsa lemon tsami, ko kindirmo ba sukari, ko kankana a yanke. 'Ya'yan itace da aka ci haka nan ba a matse ruwansu ba, ba sa cikin sukarin da Hukumar ta ƙayyade.

Akwai kuma dabarar da ke hannunki ke mai girki, wadda ba ta buƙatar ɓoye komai. Ɗaci da tsami suna danne zaƙi. Shayin da aka bari ya daɗe yana tafasa har ya yi baƙi ƙirin yana fitar da ɗaci mai yawa, sai an tula sukari kafin a iya sha. Ki rage ganyen, ki rage tafasar, za ki ga ƙwaya 3 ta yi aikin da 5 ke yi. Haka folere: in ya yi kauri da tsami sai ya ci sukari kamar me, in aka tsinka shi aka sa abarba ko citta sai ya nemi kaɗan. Ƙamshi ma yana taimakon harshe, shi ya sa na'ana'a da kanumfari da kirfa da citta suke sa abin sha ya gamsar ko sukarinsa bai kai ba. Ki kula da madarar gwangwani mai kauri, wadda kusan rabin nauyinta sukari ne. In ta shiga kofi ko kunun gyaɗa, ba a bukatar ƙara ƙwaya. Zuma kuma, duk da darajarta, a wannan lissafi ɗaya take da sukari. Maganar da ake yi cewa a sha abu mai ɗaci ya wanke zaƙin da aka sha ba ta da tushe, sukarin da ya shiga jini ɗaci ba ya fitar da shi.

Zaman keken ma a duba shi. Tela ba zai bar sana'arsa ba, amma yana iya miƙewa ya ɗan taka duk bayan awa ɗaya, ya je masallacin da ya fi nisa da ƙafa, ya ajiye babur wasu ranaku, ya yi tafiya bayan asuba kafin rana ta buɗe.

Hajja fa, kada ki ɗauke ta abokiyar gaba. Uwa ce ta ji an ce ana hana ɗanta abu a gidansa. Ina kuma zaton a ƙarƙashin faɗan nata akwai wani abu: ita aka hana zaƙi shekara da shekaru, ta san ɗacin hanin, ba ta so a fara wa ɗanta. Wataƙila ma duk sanda kika ambaci ciwon sai ta ji kamar ana cewa ita ta jawo wa zuriyarta. Ba ke ya kamata ki yi mata gardama ba. Ki je mata da ladabi ki ce, "Hajja, ke kika san wahalar ciwon nan fiye da kowa a gidan, ki taya ni yi masa magana ya je a auna shi." Kin mayar da ita mai ba da umarni ke nan, matsayin da take so kuma take da shi. In bakinki ba zai kai ba, ki nemi wata 'yarta ko ƙanwarta da take jin maganarta, ko ki raka ta ranar ganin likita ki roƙi ma'aikacin ya ambaci batun auna 'ya'yanta. Sannan ga gargaɗi mai muhimmanci: gidan da ke da mai shan maganin ciwon sukari ba a ɓoye sukari a cikinsa. Allurar insulin da wasu ƙwayoyi irin su gilibenkilamid suna iya saukar da sukarin jini fiye da kima, musamman in an sha magani ba a ci abinci ba. In kika ga Hajja tana rawar jiki, tana gumi, tana jin yunwa mai tsanani ko maganarta ta rikice, ki ba ta ƙwaya 3 a ruwa nan take in tana iya haɗiya, ki bi da abinci. In ta suma kada a ɗura mata komai, a kai ta asibiti da gaggawa. Sinadaran zaƙi marasa sukari da ake sayarwa a kantin magani suna iya yi mata amfani a shayi, amma a tambayi likitanta tukuna.

Yaronki kuma ki sassauta masa. Ba ɓarawo ba ne, ɗan shekara 7 ne. Da son zaƙi ake haihuwar kowane jariri, nonon uwa kansa da zaƙinsa, kuma bincike ya sha nuna cewa yara sun fi manya son zaƙi mai ƙarfi, abin yakan sauka in sun gama girma. Ki lura kuma da lokacin da ya fara: bayan an ɓoye kwali aka yi faɗa a kansa. An gwada an gani, abincin da aka hana yaro yana kallo ya fi shiga ransa. Kada ki doke shi, kada ki kira shi mai kwaɗayi a gaban ƙanwarsa, kada kuma a riƙa cewa ya gaji babansa yana ji, don zai ɗauka abin alfahari ne ko abin da ba makawa. Ki sa masa lokacin alewa sananne, misali ranar Juma'a ko bayan abincin rana, ya san tana zuwa ba sai ya ɗauka a ɓoye ba. Kada alewa ta zama ladan karatu ko abin rarrashi. In ya dawo daga makaranta ya tarar da mangwaro ko gwanda ko goruba ko gyaɗa, yunwar da ke kai hannunsa kwali ta ragu. Haƙoransa su ne abin dubawa yanzu: burushi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, kuma bayan na dare ba a sake shan zaƙi. Ita ƙaramar a bar ta yadda take, kada a matsa mata ta ƙarasa alewa. Rashin son zaƙi dai bai cire ta daga tarihin ciwon gidan ba, ita ma in ta girma sai ta riƙa aunawa.

Yana iya yiwuwa ki yi duk wannan ya ce ba inda za shi. In haka ta faru kada ki koma ɓoye-ɓoye, kada kuma ki mayar da kowane kofi abin magana, don gida zai yi masa zafi ya ƙara nisa. Ki gyara abin da ke hannunki a fili, kunun yara da folere da ƙarfin shayi, ki kawo masa kofinsa da kwalin a gefe ya zuba da hannunsa. Ki bar maganar wata ɗaya ko biyu, sannan ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa na majalisa ko limamin unguwa, ki roƙe shi abu ɗaya kawai, ya ja shi su je a auna su tare. In an yi gwajin ki sake rubuto mini da lambar da ta fito, tasa da taki, mu duba abin da ya kamata a yi daga nan. Allah ya ba Hajja lafiya, ya raya miki yaran.